Filin Kangiwa da gidan dambe, abin da na gani a Sakkwato

Duk wanda ka gaya wa zaka Sakkwato abu biyu yake fara ce maka, ka shirya wa rana, sannan in ka shiga Hubbare ka saka shi a addu'a. Ba mai ce maka ka leƙa inda mutanen garin suke taruwa da yamma, ni kuwa duk garin da naje abin da nake fara nema kenan, don a masallaci ko maƙabarta kowa a natse yake shiga, a fili ne mutane suke sakin jiki har kaji yadda suke magana da abin da yake sa su ihu.

Ɗaurin auren ƙanin abokina ne ya kai ni, tare muka yi karatu da abokin nawa a Zariya, ya gama ya koma gida ni kuma ina nan. Lokacin hunturu ne saboda haka ranar da ake ta tsorata ni da ita bamu gamu ba, sai ƙura da bushewar leɓe. Mun bar tasha da sassafe muka bi ta Funtuwa, Tsafe, Gusau, Bunguɗu, Maru har Talatar Mafara, kuma kowa ya san halin da hanyar nan take ciki a shekarun nan, hira ma sama-sama ake yinta, direba baya son tsayawa ko na minti ɗaya, wata dattijuwa a bayana tun daga Tsafe carbi take ja bata ce uffan ba. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan bala'i, don gonaki ne masu kyau dama da hagu, wasu an girbe, wasu kuwa kana gani ka san ba wanda ya taka su bana. Sai da muka wuce Tureta muka doshi Dange da Shuni sannan mota ta ɗau surutu, kowa ya ciro waya yana cewa gamu nan mun kusa.

Garin a shimfiɗe yake, tituna masu faɗi, itatuwan dogon yaro ko'ina, ƴan kabu-kabu kuwa ba'a magana, jefi-jefi sai kaga raƙumi da kaya yana tafiyarsa a gefen kwalta ba ruwansa da hon. Ganuwar da aka kewaye birnin da ita bayan Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809 yanzu sai dai labari, amma ƙofofin nan takwas suna raye a bakin mutane, ana maka kwatance zaka ji Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da sauransu. A gidan su abokina kafin in aje jaka an dire min kwanon fura, wallahi furar Sakkwato ta cancanci sunan da ta yi, da ita na kwana ban nemi tuwo ba.

Washegari da hantsi muka je Hubbare. A nan gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake bayan ya taso daga Sifawa a 1815, a nan ya rasu a 1817 kuma a nan aka rufe shi, ƴarsa Nana Asma'u ma tana nan kusa, Bello ne kabarinsa yake can Wurno. Mun cire takalma muka shiga, mutane ne iri-iri, wasu daga shigarsu ka san daga Nijar suka tsallako, tsofaffin mata da jikoki, almajirai, kowa murya ƙasa-ƙasa. Na yi addu'a na isar da saƙon waɗanda suka bani saƙo. Da muka fito sai ga wani makaho zaune a gindin bango yana rera waƙar wa'azi, yaronsa yana masa amshi, mutane sun ɗan zagaye su, ba lasifika ba komai, muryarsa kawai, amma na daɗe tsaye.

Abin da ya zo min a rai a wurin shi ne ita kanta daular nan da tara mutane a fili aka fara ta. Tun Shehu yana Degel kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804 yawon wa'azi yake yi, ya shiga ƙasar Kabi ya shiga Zamfara, jama'a su taru ya yi musu magana da harshen da suke ji, maza da mata, har wasu malaman lokacin suka soke shi akan barin mata suna zuwa majalisinsa, amsar da aka basu kuwa ita ce barin matan cikin jahilci ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Sannan karatun ba'a barshi a littafi kawai ba, an zuba shi a waƙe da Fulatanci da Hausa don wanda bai iya karatu ba ya haddace, Nana Asma'u ta naɗa jajis ɗinta, wato mata jagorori, suna ɗaukar waƙoƙin nan zuwa ƙauyuka suna koyar da ƴan taru, matan da suke taruwa ɗaukar karatu. Saboda haka in naji ana cewa Sakkwato garin karatu ne ba garin taro da murya ba, sai in ce ai karatun ma da murya a bainar jama'a ya yaɗu.

Daga nan muka gangara Kanwuri wajen fadar Sarkin Musulmi, masallacin Bello na nan dab da ita. Ƙofar fada dama ita ce dandalin farko a kowane birnin Hausa, nan ake gaisuwar sallah, nan ake naɗi, nan tambari da kakaki suke tashi. Mun tarar da dogarai zaune a inuwa, wasu maroƙa na jiran fitowar wani hakimi, yana fitowa kuwa suka miƙe da kirari har ya shiga mota. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar shi ne na 20, yana kai tun 2006. Wurin yana da kwarjini sosai, sai dai fada fada ce, akwai ladabinta, ba wurin da yaro zai zo ya buga langa ko samari su kafa kokawa bane. Shi yasa na matsa wa abokina nace ni fa filin Kangiwa nake son gani, yace me zaka gani a can, fili ne kawai, nace mu je dai gani ya kori ji.

Wanda bai sani ba, ba filin Kangiwa na Katsina dake ƙofar gidan sarki nake nufi ba. Wannan sunan Shehu Kangiwa aka sa masa, gwamnan farar hula na farko a jihar Sakkwato, wanda aka zaɓa a 1979 ƙarƙashin NPN lokacin Kebbi da Zamfara duk suna cikin jihar, don sai 1991 aka cire Kebbi, Zamfara kuma 1996. Bai ƙarasa wa'adinsa ba, a watan Nuwamba na 1981 ya faɗo daga kan doki yana wasan folo a Kaduna, Allah Ya karɓi abinsa, mataimakinsa Garba Nadama ya gaje shi. Har yau in ka ambaci sunansa gaban dattawan garin sai kaji sun ce Allah Ya jiƙan mai fara'a. Mutumin da doki ya zama ajalinsa aka sa wa filin dawaki sunansa, kuma ni naga dacewar hakan.

Mun isa bayan la'asar. Fili ne makeke, idonka sai ya gaji kafin ya kai ƙarshensa, ga rumfar manyan baƙi a gefe guda da matattakala, ba kowa a cikinta sai wasu yara biyu suna cin rake. Amma filin kansa ba'a barshi haka ba, can ƴan ƙwallo sun kafa raga da duwatsu kashi-kashi, wasu da riga wasu ba riga, nan wani yana koya wa ƙanwarsa ko matarsa mota tana tafiya a hankali tana kashewa yana haƙuri, ga masu gudu don motsa jiki, ga mai shayi ya fara hura wuta, mai ƙosai, mai rake, ƴan mata masu tallan gyaɗa da kwaɗon zogale, sannan can nesa dawaki uku ana zagayawa da su ƙura na binsu. Ba wanda ya gayyaci kowa, ba wanda ya tambayi kowa kati. Na zauna a matattakalar nan ina kallo, iska mai sanyi na kaɗawa, raina ya yi fari ƙwarai, amma kuma wani abu na damuna, don wuri ne da zai ɗauki dubban mutane a gaban abu ɗaya, sai gashi kowa ya ja gefensa yana harkar gabansa, tukunya ce babba a kan murhu ba wuta a ƙarƙashinta.

Wani dattijo ya zo wucewa riƙe da linzamin wani jan doki da ya jiƙe da gumi, na sauko na gaishe shi.

"Sannu da aiki Baba."

"Yawwa sannu ɗana. Kai ba ɗan garin ga ba na."

Nace eh Baba daga Zariya nake, biki muka zo. Ya tambayi mutanen gida da hanya, na tambaye shi ko har yanzu ana hawa a nan. Sai ya gyara tsayuwa ya nuna filin da hannu.

"Wanga hili da kaka gani, in anka ce yau akwai hawa ko sukuwa, tun da hantsi ba ka samun wurin aza ƙahwa. Hakimmai su taho da dawakinsu, kowa da makaɗa nai, wanga na kotso wancan na taushi, mu muna yara bisa icce muka kallo. Yanzu kau sai gwamnati na da taro a share shi, a kahwa rumhuna, a yi jawabi a watse."

Nace to Baba me ya kawo haka, mutane ne suka daina so?

"A'a, so na nan. Doki na cin dawa ɗana, wanda bai ƙoshi ba ba ya kiwon doki. Kuma ƙauyukkan da dawakin ka hitowa, da makaɗan, da ƴan kokowa, da yawa yanzu ba a kwana cikinsu."

Maganar nan ta tsaya min. Mu ƴan birni mun saba ɗora laifin komai akan waya da finafinai, muce yara sun bar al'ada, amma dattijon nan ya taɓo inda ciwon yake. Birni wurin nunawa ne kawai, ƙauye ne yake haifar da abin da za'a nuna. Ɗan kokawa a gona ƙarfinsa yake ginuwa, makaɗi a bikin kaka da gayya yake koyon hannu, doki sai da karan dawa da harawa. Ka duba manyan makaɗan ƙasar nan, Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Ɗanƙwairo na Maradun, Salihu Jankiɗi da ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku kiɗa, duk daga garuruwan karkara suka taso kafin duniya ta san su. Wasu daga wuraren nan yau sunansu a labaran hari ake jinsa. In an tashi ƙauye ba hatsi kaɗai ake rasawa ba.

Ranar biki da safe aka ɗaura aure a masallacin unguwa cikin rufin asiri, aka raba goro da dabino. Da dare kuma aka yi dina a wani holin biki, irin na yanzu, fitilu kala-kala, na'urar sanyaya ɗaki duk da sanyin da ake yi, ƙartai biyu a ƙofa sai ka nuna kati, ciki DJ ya ƙure sauti har ƙirjinka na amsawa. Bana ƙin wannan, ango da amarya sun ji daɗi kuma haƙƙinsu ne. Amma da na fito shan iska sai na tarar da wani tsoho da kalangu a hammata da yaransa biyu a wajen get, bashi da kati ba'a barshi ya shiga ba, sai ya tsaya wurin aje motoci, duk wanda ya sauko ya tare shi da kiɗa. Kuma ya san mutane fa, wani alhaji na fitowa daga mota tsohon nan ya kama sunan kakansa da garin da suka taso da sana'ar gidansu, alhajin ya tsaya cak ya sa hannu aljihu, naga idonsa ya kawo ruwa. Mutum ɗauke da tarihin zuriya guda a kansa yana tsaye a waje cikin sanyi. Na jawo abokina na nuna masa, ya je ya gaishe shi da girmamawa ya karɓi lambar yaronsa.

Kashegari ne wani ƙanin amarya da yaji ina ta maganar fili yace Yaya in taro kake son gani ka bari in kai ka gidan dambe. Muka hau kabu-kabu muka fita wajen gari kaɗan, tun daga nesa kake jiyo kalangu. Wuri ne da aka kewaye da kwano, ƙofa ƴar ƙarama, kuɗin shiga ba yawa. Ina shiga naga abin da nake nema tun zuwana. Ba injiniyan da ya zana wurin amma mutane da kansu sun yi da'ira hawa-hawa, yara a ƙasa kan rairayi a sahun gaba, bayansu benci, bayan benci masu tsayuwa, bayansu kuma waɗanda suka hau kan babura da buloli, har da na kan bishiya ta waje da basu biya ba, kowa idonsa a tsakiya. Na zauna tsakanin wani mahauci da har lokacin ƙanshin kasuwa bai bar rigarsa ba da wani mai shadda da agogo mai tsada, kafin a jima suna gardama akan wani ɗan dambe kai kace tare suka taso.

Ƴan damben suna gefe ƙungiya-ƙungiya, na Arewa, na Kudu, na Guramaɗa, kowa ana naɗa masa kara a hannun da yake duka da shi, ɗayan hannun a buɗe yake shi ne na tarewa, wasu da layu a damtse da ƙugu. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, bayan an kawar da amfanin gona su bi gari-gari, shi yasa har gobe kalangu ne kiɗinsa. Ka'idar a sauƙaƙe take, turmi uku ake yi, wanda ya kai ƙasa ko da hannu ko gwiwa ya dafa an kashe shi, in ba wanda ya faɗi a raba su ace babu kisa. Amma kafin a sa zare akwai abin da ni ya fi burge ni. Makaɗi ya ɗauko taken wani, yana kiran sunan ubangidansa da garinsu da mazajen da ya kayar, sai kaga saurayi da yake zaune shiru ya miƙe jikinsa na tsuma, ya fito tsakiya ya ɗaga hannu ya fara kirari muryarsa na fashewa, masu kuɗi su taso suna masa liƙi, shi kuma ya kwashe ya zube wa makaɗin. Mahaucin nan na kusa da ni yace ai duk wanda kaji yana waƙar dambe yau a inuwar Ɗan Anace yake, ya fara bani labarin Shago, ɗan damben da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, bai taɓa ganinsa ba amma yana bayarwa har da nuna yadda yake tsayuwa.

Wasan da ba zan manta ba na wani ɗan siriri ne bahago daga ɓangaren Arewa da wani dogo ƙaƙƙarfa na Kudu. Kowa ya gama yanke hukunci, har mai shaddar nan yana cewa a raba kar a ji wa yaro ciwo. Turmin farko dogon ya yi ta kai hannu bahagon na gocewa, ya sha ɗaya a kafaɗa da sai da wurin ya ɗau ihu amma bai faɗi ba. Turmi na biyu suka yi ta zagaye suna auna juna, alƙali ya busa aka raba. A na uku dogon ya gaji da jira ya kawo wani wawan naushi da dukkan ƙarfinsa, yaron ya sunkuya ya tashi da hagu a haɓa, sai gani muka yi ƙato ya zauna daɓas. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba, benci ya kife, ƙura ta tashi, kalangu ya haukace, yara suka kwasa cikin fili aka ɗaga bahagon sama. Da aka sauke shi bai tafi wurin masu liƙi ba sai da ya je ya kama hannun dogon ya tashe shi suka rungumi juna. Kuma kusan duk saurayin dake wurin wayarsa a sama take yana ɗauka, kafin mu koma gida ƙanin amarya ya nuna min kisan a TikTok mutane har sun fara gardama a ƙasa. Toh kaga waya bata kashe dambe ba, ita take kai shi inda kalangu baya kaiwa.

Ba zan ɓoye ba akwai abin da ban so ba. Ta wani lungu warin wiwi na tasowa, akwai masu caca akan wasan, ba ko akwatin magani a wurin balle ma'aikacin lafiya alhali naushi ake yi na gaske, wani yaro haƙorinsa ya fita aka bashi ruwa ya kuskure shi kenan. Mata kuwa in ka cire masu talla a bakin ƙofa babu su, kuma ba uban da zai kawo ƴarsa nan. Waɗanda suke ƙyamar wurin suna da hujjarsu. Ana kiran magariba dai aka tsaya, da yawa muka yi sahu a waje kan tabarmin mai shayi. Amma ni abin da na fahimta shi ne duk abin da aka tura bayan gari aka kewaye da kwano, aka bar shi ba mai kula, dole ya tara irin wannan. Laifin ba na kalangu bane.

Abin haushin shi ne ba sai an je Turai ba kafin aga yadda ake yi. Daga Sakkwato ka bi ta Illela ka tsallaka Ƙonni kana Nijar, mutanenmu ne harshe ɗaya abinci ɗaya. Su tun 1975 da aka fara a Tawa suke gasar kokawar gargajiya ta ƙasa, ana zagayawa da ita jiha-jiha, kowace jiha da filin kokawarta ginanne, da'ira da matattakalar zama hawa-hawa ba rufi a tsakiya, wanda ya yi nasara a bashi takobi, ƙasar gaba ɗaya ta tsaya tana saurare a rediyo da talabijin, kuma a Sakkwato ma na tarar ana bin gasar, ƴan kabu-kabu sun san sunan Issaka Issaka na Dosso sarai. Ga Argungu nan kusa, bikin kamun kifinsu da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ya kai har UNESCO ta sa shi a jerinta a 2016, kuma ba kifi kaɗai ake yi ba har da kokawa da dambe da kiɗa. Ashe in an ba abu wuri da lokaci sananne yana girma.

Ni da za'a ji tawa, ba wani gini na biliyoyi nake roƙo ba. A ware kusurwa ɗaya a filin Kangiwa, a zuba rairayi, a yi matattakalar siminti zagaye da mutum zai zauna ya hango tsakiya, a sa fitila mai sola da banɗaki da wurin alwala, a ware ɓangaren mata da yara da ƙofarsu daban. Sannan abin da ya fi ginin muhimmanci, a tsayar da rana, ace duk Asabar bayan la'asar akwai abu, ko gwamna na gari ko baya gari. Wannan mako kokawa, na gaba dambe da likita a gefe, wani makon makaɗan fada da na noma, wani makon musabaƙar karatu ko masu rera waƙoƙin su Nana Asma'u irin makahon nan na Hubbare, da azumi a bar wa yara su yi tashe, ƴan makarantun mata su yi gaɗa da rana tsaka iyayensu na kallo. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na nan tun 1975 da masu nazarin Hausa da suke rubuta kundaye akan makaɗan nan, ga hukumar tarihi da al'adu mai sunan Waziri Junaidu, sai su zo da na'ura su naɗi tsofaffin tun suna da sauran murya. Kuma mutanen ƙauyukan da rashin tsaro ya koro cikin birni, a cikinsu akwai makaɗa da ƴan kokawa da masu tatsuniya, yanzu wasu dako suke wasu bara, wurin zai zama nasu su ma.

Na faɗa wa abokina duk wannan a daren ƙarshe muna zaune ƙofar gida, yace shi bashi da ikon filin Kangiwa amma yana da ikon ƙofar gidansu. Matarsa ta kusa sauka, yace in Allah Ya sauke ta lafiya tsohon mai kalangun nan zai kira ranar suna, zai yi magana da mai unguwa a tare layin daga la'asar zuwa magariba, a shimfiɗa tabarmi, mata ta cikin zaure maza ta waje, duk wanda ya zo wucewa ya zauna. Ya kira yaron tsohon a gabana suka yi magana, har sun daidaita kuɗin mota daga ƙauyen da suke zaune yanzu.